Dije da Injin Hura Ganye

A zangon Sokode babu mai kiran Issifou Mahama da sunan yanka. Dije ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekarar da ya buɗe rumfar cajin waya a bakin tasha ya sa aka buga masa kati, a ƙarƙashin sunansa aka rubuta D.G., wato babban darakta irin na kamfanonin Lome. Da Faransanci "De-Je" ake faɗi. Tsofaffin matan unguwa ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma sun san Dije, don kowacce tana da ƙawa ko jika mai wannan suna. Rumfar ta rufe tun kafin damina ta ɗauke, sunan kuwa ya zauna daram. Yau ga shi da furfura a gemu, ana kiran Dije yana amsawa da fara'a, wai a ganinsa muƙamin ake nufi.

Tare muka taso, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin matarsa Shetu na ji, ita kuwa ba ta ƙara wa labarin mijinta gishiri, don da gishirinsa yake zuwa.

Mahaifinsu falken shanu ne, ya yi shekaru yana saro dabbobi a Gando yana kai su kudu. Ya rasu ya bar 'ya'ya uku. Babban, Abdulrauf, ya tafi Jamus kamar yadda samarin Sokode da yawa suka tafi. Husseina ta yi aure a Dapaong. Issifou, ɗan autan, shi aka bar wa gida. A yi masa adalci, ba rago ba ne, kullum yana riga zakara tashi. Matsalarsa ita ce daga sama yake fara kowace sana'a. Da zai yi kiwon kaji, allon talla ya fara yi, kafin ya gama da mai fenti kuɗin 'yan tsaki sun ƙare. Da ya shiga zemijan, wato haya da babur, ba ya ɗaukar mace mai kwandon kifi ko mai galan ɗin manja, wai kada a ɓata masa kujera, alhali su ne masu hawa. Kowace sana'a ta rushe akwai mai laifi: gwamnati, ko damina, ko hassadar mutane. Ban taɓa jin sunan Issifou ya fito a cikin masu laifin ba.

Wata shekara da rani Abdulrauf ya aiko da kaya ta jirgin ruwa. Issifou injin niƙa ya roƙa. Da aka sauke tsofaffin firji da kekuna, sai ga wani abu ruwan goro, da maɗaurai irin na jakar goyo, da dogon bututu a gefe. Aka taru a kansa. Wani ya ce na feshin auduga ne, wani ya ce na korar sauro. Aka aika wa Abdulrauf hoto, ya amsa da saƙon murya.

"Injin hura ganye ne. Maƙwabcina Bature zai jefar, na ce kada a yi asara. Ku ba masu gyaran moto su cire abin da zai yi musu amfani."

Rabin farko kawai Issifou ya ji. Ya wuni yana kallon Turawa a waya suna kora ganye a gaban gidajensu, ya fito ya dubi itatuwan katako na tek da mangwaron da suka cika Sokode suna zubar da ganye kyauta, ya ce arziki ne a ƙasa babu mai gani sai shi. Kafin Jumma'a an yi allo: Kamfanin Tsabtar Zamani.

Injin irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne. Ya gauraya, ya cika tanki, ya goya shi a kan farar shaddarsa, don darakta ba ya aiki da tsumma. Fetur ya ɗan tsiyayo ta murfi ya yi masa tabo a baya. Nan take ya yagi leda ya shimfiɗa a bakin tankin, ya murɗa murfin a kai har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Bai ƙara ɗiga ba.

Wurin farko da ya nufa wani otel ne a hanyar Kara, mai fili cike da itatuwa. Manajan, Mushe Nourou, wato Malam Nourou da Faransanci, ya yarda a gwada. Matan da ke sharar otel ɗin suka jingina da tsintsiyoyinsu suna kallo. Issifou ya ja igiya, injin ya tashi da ƙara kamar an taka wutsiyar kare. Ganye ya yi sama. Ya taka cikin isa, yana kaɗa bututun hagu da dama. Bai kai tsakiyar filin ba muryar injin ta fara sanyi, ya yi tari, ya yi shiru. Ya sauke, ya ja igiya, ya sake ja, ya ja har hularsa ta faɗi. Ganyen da ya tayar ya gama shawagi ya sauko inda yake da.

"Idan ya farfaɗo ka dawo," in ji Mushe Nourou. Matan suka ɗauki tsintsiya suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Daga ranar gidan Issifou ya koma gareji. Bai kai wa bakanike ba, wai me mai gyaran moto ya sani game da kayan Jamus. Wayarsa ce malaminsa. Aka ce buji ne, wato fulogi, ya kwance ya goge da burushin haƙorin Shetu, bai yi ba, ya sayo sabo. Injin ya tashi, ya yi aiki gwargwadon shan kofin shayi, ya mutu. Aka ce soson da ke tace iska ne ya toshe, ya wanke da sabulu ya shanya a igiya tare da kayan yara. Aka ce fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin titi ne, ya je ya yi wa mai sayarwar tas a gaban jama'a, ya koma sayen na gidan mai. Injin bai san an yi ba. Ya ƙara baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe gidan, ya rage, ya cire ragar bakin salansa, wato bututun hayaƙi, ya ƙona dauɗar da ke jiki. Kullum labarin ɗaya ne: ya tashi lafiya, ya yi ɗan aiki, ya shaƙe.

Ranar da ya kwance kabureta ya baje kayan a farantin tuwo a tsakar gida. Akwai wani ɗan ƙusa kamar ƙwayar shinkafa. Kazar Shetu mai ƙwai ta zo wucewa ta yi masa kallon shinkafar, ta haɗiye. Issifou ya bi ta da ido ya ce a kamo ta.

"Baban Humaira, ka jira zuwa gobe zai fito da kansa," in ji Shetu.

"Kamfani ba ya jiran kashin kaza."

Aka yanka ta, aka ciro ƙusan a ƙundu. Mun ci nama ranar, har mu maƙwabta. Ya mayar da kabureta, injin ya tashi, ya mutu a daidai inda ya saba mutuwa. Daga baya ya ga wani a waya yana cewa wayar makashin inji takan taɓa ƙarfe ta kashe shi, sai ya sa almakashi ya datse ta. Na ce masa to da me zai riƙa kashewa. Ya ce injin da ke mutuwa da kansa me zai yi da makashi. Maɓallin ba da wuta kuma ya ɗaure shi da robar tayar keke a ƙarshen ƙarfinsa, don kada injin ya sami sararin yin sanyi.

Da dabara ta ƙare sai ya koma neman mai laifi. A bakin layinmu akwai Salifu mai shayi, abokin Issifou tun suna yawo ba wando. Lokacin da babur ya kayar da Issifou a Sotouboua ya karye a ƙafa, Salifu ne ya rufe teburinsa ya je ya yi jinyarsa har aka sallame shi. Laifinsa ɗaya: ranar da aka sauke injin ya yi dariya ya ce, "Dije, mu da ke da mata da tsintsiya, me za mu yi da iskar sayarwa?" Kowa ya yi dariya a lokacin, har Issifou. Yanzu maganar ta dawo masa da wata fuska.

Wani yammaci injin ya mutu, Issifou ya buɗe murfin tanki ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa a ciki, ya rufe, ya ja igiya. Ja ɗaya ya tashi. Da ya sake mutuwa ya sake buɗewa ya tofa, ya sake tashi. Ya zo ya same ni.

"Ka gani ko? Ba ƙarfe ba ne, baki ne. Na san kuma bakin wa."

Ya daina gaishe da Salifu. Ya hana 'ya'yansa sayen burodi a wurinsa. A majalisa yakan ce akwai masu dafa ruwan zafi da zuciyarsu ta fi tukunyarsu baƙi. Sokode ba Lome ba ce, kafin a yi sallar isha'i maganar ta isa inda aka aike ta. Salifu ya zo har ƙofar gida ya yi sallama, Issifou ya sa aka ce ba ya nan, alhali ana jin ƙarar jan igiya daga ciki. Salifu ya tsaya jim, ya juya. Bai sake zuwa ba, kuma bai taɓa mayar da magana ba, sai dai ya daina dariyar nan tasa da ake ji tun daga masallaci.

Tofi yana tayar da inji, amma ba a yi wa otel shara ana tsayawa addu'a a kowane gindin bishiya. Issifou ya yanke shawarar nisanta injin daga idon maƙiyi. Mijin Husseina, Alhaji Muktar, dillali ne a kasuwar shanu ta Dapaong, ya kuma taɓa cewa cikin raha kasuwar na son shara. Aka ɗaure injin a saman bas tsakanin buhunan doya da wani bunsuru. Bayan an wuce Mango jandarmomi suka tsayar da motar, ɗayansu ya ga bututu ya ce a sauko da shi. Issifou ya yi bayani da Faransancin da yake da shi. Jandarman ya buɗe murfin tanki ya sunsuna, ya ga tsummar leda, ya fizge ya yar, ya rufe ya ce su tafi. Issifou yana can yana miƙa wa ɗayan katinsa na D.G., bai lura ba.

Husseina sana'arta daka barkono da kuɓewa busasshiya, tana ɗurawa a leda tana kaiwa kasuwar Naki-Est. Ita da maƙwabciyarta, wata 'yar ƙabilar Moba da ake kira Maman Fayçal, tare suke yi. Washegarin isowar Issifou da hantsi sun baje garin barkono a kan tabarmi ya cika tsakar gida, yana shan rana kafin a ɗura. A waje kuma, gindin dogon yaro, Alhaji Muktar ya tara dattawan kasuwar shanu su ga abin da ƙanin matarsa ya zo da shi daga Jamus.

Issifou ya yi jawabi a kan tsabta da ci gaba. Ya yi bisimilla ya ja igiya, ya goya. Ya share gindin bishiyar yana jiran tarin da ya saba ji, tari bai zo ba. Ya share ƙofar gida, ya share ta maƙwabta, injin sai ƙara murya yake. Daɗi ya kama shi. Ya ɗaga wa dattawan hannu kamar ɗan takara, ya kora ganyen da ke zaure ya bi shi zuwa cikin gida, don yayarsa ma ta gani da idonta.

Husseina ta gan shi ta miƙe tana ɗaga hannu biyu. Ƙarar ba ta bari ya ji me take cewa ba, ya ɗauka murna take, ya juyo gare ta yana murmushi. Bututun a hannunsa yake, duk inda ya juya nan ya juya. Tabarma ta farko ta tashi gaba ɗaya. Gidan ya yi ja. Ya rufe ido ya laluba makashi ya danna, ya tuna da almakashi. Ya nemi sakin maɓallin wuta, roba ta riƙe. Maɗaurin goyon kuwa ya ɗaure shi tamau a ƙirji. Sai ya shiga juyi a tsakar gida yana atishawa, yana rarraba barkono ɗaki ɗaki, har kan katanga zuwa gidan maƙwabta. Abin da ya rage ya bi ta zaure ya tarar da dattawa a zaune. Mutanen da suka yi shekaru suna tsayawa gaban bijimi ba su gudu ba, ranar sun bar takalmansu.

Wani tsohon makiyayi mai suna Yaro ne ya yi ta maza. Ya naɗe fuska da rawani, ya ɗauko igiyar da yake kama shanu, ya jefa ta kama ƙafar Issifou, ya fizga. Darakta ya zo ƙasa, injin ya kife, Maman Fayçal ta juye musu bokitin ruwan wanki su biyun. Sannan aka sami shiru, ban da tari.

Da ido ya buɗu Husseina ta zauna a kan turmi ta dube shi.

"Issifou, tun kana ƙarami in ka shigo ɗaki nake ɗauke abin fashewa. Laifina ne da na ɗauka furfura ta canja wani abu."

"Yaya, amma kin ga bai mutu ba."

Maman Fayçal, da irin Hausarta ta kasuwa, ta nuna Husseina ta ce, "Yaya naka shi ya yi haƙuri, ni ba haƙuri. Barkono ya tafi, kai ka daka wani."

Haka aka yi. Babban darakta ya yi mako guda a bayan gida da taɓarya, hanci a ɗaure da ƙyalle, matan unguwa suna leƙowa suna yi masa sannu da aiki da sunan Dije. Dattawan kasuwa suka aiko cewa sun gode, shanu sun saba da ganye. Alhaji Muktar da kansa ya raka shi tasha, ya tsaya har motar ta tashi, don ya tabbatar.

Duk da haka da ƙarfinsa ya dawo Sokode. Hannu ya yi kanta, ido ya yi ja, amma ya zo da hujja: nesa da Salifu inji ya ƙi mutuwa ko da ana roƙonsa. Ya faɗa a majalisa, ya maimaita.

Ya haɗa wayar makashi, ya shanya abin da ya jiƙe, ya zo zuba fetur sai ya ga babu leda. Ya yagi sabuwa ya sa. Injin ya tashi, ya yi ɗan aikinsa, ya mutu. Shetu tana tankaɗe a gefe tana kallo. Ita ta ba ni labari cewa ya kai hannu zai buɗe murfin don ya yi tofi, da ya murɗa sai aka ji tankin ya ja iska, fiss. Ya tsaya. Ya juya murfin ya ɗaga shi a rana, sai ga wata 'yar ƙofa kamar ta allura a tsakiya. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin fetur ɗin da inji ya sha. In an toshe ta, tankin ya shaƙe, fetur ya daina sauka, kamar mai zuƙar ruwa a kwalbar da ya rufe bakinta da leɓe. Buɗe murfin ne ke ba shi numfashi, ko an yi tofi ko ba a yi ba.

Bai yarda nan da nan ba. Ya cire ledar ya tayar, injin ya yi ta ruri har kajin maƙwabta suka bar unguwar. Ya mayar da ita, ya mutu. Ya sake cirewa. Daga nan ya zauna a kan benci da ledar a hannu, ya daɗe yana kallonta.

"Baban Humaira," in ji Shetu, ba ta ko ɗago kai daga rariya ba, "ashe Salifu a cikin leda yake."

Ya cusa ledar a aljihu ya ce maganar nan ta tsaya a tsakaninsu. Ni kaɗai ta faɗa wa.

A majalisa cewa ya yi ya samo maganin abin a arewa, wurin wani tsoho da ba a faɗin sunansa. Mushe Nourou ya ɗauke shi aiki, ya yi wata guda yana kora ganyen otel zuwa harabar makarantar da ke maƙwabtaka, mai gadin makarantar yana sharo shi yana dawo da shi ta kan katanga, baƙi kuma suna ƙorafin ba a bar su sun yi barcin safe ba. Aka sallame shi cikin mutunci. Matan nan masu tsintsiya har yau suna nan. Abin da ya rage masa shi ne gidajen biki: in za a kafa rumfa a titi, akan kira Dije ya hure wurin, ba don ya fi tsintsiya ba, sai don ƙarar tana sanar da unguwa cewa gidan nan ana hidima.

Haƙuri dai bai ba Salifu ba. Na yi masa magana, liman ya yi masa, ya ce ai shi bai ambaci sunan kowa ba. Aka yi wajen shekara suna wuce juna kamar baƙi. Sai matar Salifu ta haihu. Ranar suna da sassafe, mata sun ɗora tukwanen koko da na shinkafa da wake a ƙofar gida, ana jiran masu kujeru, sai ga Issifou da farar shadda da inji a goye, babu wanda ya kira shi. Bai yi sallama ba, bai dubi kowa ba, ya ja igiya ya fara share ƙofar gidan Salifu da iyakar ƙarfinsa. Mata suka yi ta rige-rigen rufe tukwane da zannuwansu. Salifu ya fito daga zaure yana kare fuska da hannun riga, ya tsaya yana kallonsa. Issifou ya ci gaba da hure wurin da ya riga ya hure, kansa a ƙasa.

Salifu ya matso dab da kunnensa ya ɗaga murya.

"Dije, kashe shi. Na yafe."

Ya kashe. Salifu ya sa aka kawo masa koko a kofi, da ɗan ganyen mangwaro yana yawo a sama. Issifou ya tsame ganyen da yatsa, ya zauna a bakin benci ya shanye, sannan ya tashi ya taya su jera kujeru.